Zama Na Uku a Kan Star Trek Adventures

'Yan'uwa masu koyo, jiya muka yi zama na uku a Star Trek Adventures, wasan tebur da kowa ke taka rawar wani jarumi a cikin labari, kuma sai jiya na ji wasan ya fara zama a hannuna. Ni ke jan ragamar labari, 'yan wasa huɗu ne. Bugun farko muke amfani da shi, na 2017, wanda kamfanin Modiphius ya gina a kan shirin Star Trek da aka fara nunawa a talabijin a Amurka a 1966.

Zaman farko a ƙirƙirar jarumai ya ƙare, kuma ban yi da-na-sani ba. Littafin dokokin wasan zai bi da kai tun daga jinsin jaruminka, inda ya girma, irin tarbiyyar da ya samu, karatunsa a makarantar Starfleet (rundunar jiragen sararin samaniya ta shirin), har zuwa abubuwa biyu da suka same shi a bakin aiki. Kafin a jefa dayis (ƙwayar wasa mai lambobi a fuskokinta) ko sau ɗaya, kowa ya san wane ne shi.

Jifar kanta ba ta da wuya. Ana haɗa lambar hali da lambar ƙwarewa, a jefa dayis biyu masu fuska 20, duk wanda bai haura jimillar ba nasara ce. Idan nasarori suka wuce abin da ake bukata, rarar takan shiga asusun kowa da kowa, wanda ba ya ɗaukar fiye da 6. Wannan asusun shi na fi ƙauna a wasan. Likita ta yi aiki mai kyau, matuƙin jirgi ya ci moriyarsa daga baya, kamar dai yadda ma'aikatan jirgin suke a shirin.

Inda na yi kuskure a zama na biyu ne. Mai jan ragama ma yana da nasa asusun, na barazana, wanda yake kashewa don jefa jarumai cikin matsala, maki biyu a kan kowane ɗan wasa, wato na fara da 8. Tausayi ya hana ni taɓa su. Haka suka yi ta taruwa a gabana, labarin ya yi sanyi, kowace ƙofa ta buɗe da turawa ɗaya. Ashe mutanen suna jiran abin da zai sa su zufa ne.

Jiya na gyara. Sun sauka a wata tashar bincike da iskar shaƙarta ke ƙarewa, injiniyarmu ta durƙusa gyaran na'urar. Halinta 10, ƙwarewarta 4, jimilla 14, aikin kuma yana bukatar nasara biyu. Ta jefa, 3 da 20 suka fito. Teburin ya yi tsit. Da yake gyaran irin wannan na'ura fanninta ne, kuma 3 bai haura ƙwarewarta ta 4 ba, sai ya zama nasara biyu, iska ta dawo. Amma 20 matsala take haifarwa, sai na ce wayar da ta janye ta kashe wutar sashen da masu rauni ke kwance. Na ƙara kashe barazana biyu, ƙofar sashen ta kulle. Wanda ke riƙe da kyaftin ya ajiye fensirinsa ya ce, "Ƙara mini dayis ɗaya, ka ɗauki barazana." Da bakinsa ya ba ni makamin da zan juya masa, don ya ceci mutanen da ba su wanzu ba sai a takardata. Tsigar jikina ta tashi. Awa uku muka yi, ba wanda ya harba bindiga.

Shawarata ga mai shirin farawa: ka ajiye alamomin asusun biyu a tsakiyar tebur, masu launi daban, inda kowa zai ga suna hawa da sauka. Babin yaƙin jirage kuwa har yanzu yana ba ni aiki. Na karanta shi sau biyu, kuma kafin mako mai zuwa zan zauna ni kaɗai in gwada shi da jirage biyu a kan takarda.