Wasiƙa Daga Faransa Kan Tsananin Zafi a Gidan da Babu Na'urar Sanyaya Ɗaki

Assalamu alaikum, 'yan'uwa da abokan arziki na gida.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne kan wani al'amari da na lura yana bai wa da yawa daga cikinku mamaki duk lokacin da aka ambace shi a labarai, wato yadda zafin bazara yake kashe dubban mutane a ƙasashen Turai, alhali ma'aunin zafin da ake faɗa sau da yawa bai wuce wanda kuka saba rayuwa a cikinsa ba. Akwai masu ɗaukar abin a matsayin raki. Ni da nake zaune a cikinsu ina shaida muku cewa ba raki ba ne, kuma abin da aka koya a nan bayan asarar rayuka masu yawa zai amfani duk wanda zafi ya ritsa da shi a ɗakin da ba shi da na'urar sanyayawa, a kowace ƙasa yake.

A makonnin farko na watan Agustan 2003 zafi ya sauka a Faransa ya ƙi tafiya, kuma kafin ya lafa mutane kusan 15,000 sun rasu a wannan ƙasa kaɗai, yayin da ƙididdigar da aka yi daga baya ta nuna fiye da 70,000 a faɗin Turai a wannan bazarar. Tun daga nan abin bai yi sauƙi ba. A ranar 28 ga Yunin 2019 an auna digiri 46 na ma'aunin Salshiyos a Vérargues da ke kudancin Faransa, a ranar 19 ga Yulin 2022 kuma Ingila ta haye digiri 40 a karon farko tun da aka fara aunawa, sannan masu bincike a birnin Basalona na Sifaniya sun ƙiyasta cewa zafin bazarar 2022 ya yi sanadin mutuwar fiye da mutum 61,000 a nahiyar. Babban dalili yana cikin gidajen kansu. An gina su ne domin su riƙe ɗumi a lokacin hunturu, da bango mai kauri da manyan tagogin gilashi masu shigo da hasken rana, saboda haka idan zafi ya shiga ba ya samun hanyar fita. Rana kuma tana daɗewa, domin a ƙarshen Yuni ba ta faɗuwa a Paris sai wajen ƙarfe goma na dare, ga shi yawancin tsofaffin benayen birnin rufin kwano gare su, mazauna hawan ƙarshe kuwa su ne suka fi shan wahala. A Amurka kusan gida tara cikin goma yana da na'urar sanyaya ɗaki, amma a Turai kusan gida ɗaya ne cikin biyar, a Ingila ma bai kai haka ba.

Kafin a yi maganar dabaru ya kamata a fahimci yadda jiki yake kare kansa. Zafin cikin jikin mutum yana tsayawa a wajen digiri 37, kuma idan ya fara hawa sai zuciya ta ƙara aiki ta turo jini zuwa fata, fata kuma ta fitar da gumi. Fitar gumin ba ita ce take sanyaya mutum ba, bushewarsa ce, domin ruwa yana kwashe zafi daga fata a lokacin da yake komawa tururi. Wannan ne ya sa zafin da ya haɗu da laima ya fi busasshen zafi haɗari ko da ma'auninsu ɗaya ne, tunda iskar da ta riga ta cika da danshi ba ta karɓar gumi. Jiki yana iya jure wuni mai zafi matuƙar zai samu dare mai sanyi ya huta, amma idan aka jera kwana uku ko huɗu ɗaki bai huce ba, zuciya da ƙoda ba sa samun sararawa, kuma daga nan ne ake fara rasa tsofaffi da marasa lafiya. Sabon da jiki yake yi da zafi ma ba ya dawwama. Yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya samu, yana kuma gushewa idan mutum ya daɗe a ƙasa mai sanyi, don haka ɗan'uwanmu da ya shekara a nan kada ya dogara da cewa a cikin zafi aka haife shi.

Abu mafi muhimmanci a wurina shi ne sanin lokacin buɗe taga da lokacin rufe ta, kuma a nan ne mutane suka fi yin kuskure. Idan zafi ya tsananta, zuciya takan raya wa mutum ya buɗe ko'ina domin iska ta shigo, amma da tsakar rana iskar waje ta fi ta cikin ɗaki zafi, kuma duk wadda ta shigo a bango da katifa da kayan ɗaki take ajiye zafinta, su kuma su yi ta fitar da shi har tsakar dare. Ƙa'idar ita ce a buɗe tagogi da dare da kuma asuba, musamman waɗanda suke fuskantar juna domin iska ta ratsa gidan daga wannan gefe zuwa wancan, sannan da zarar rana ta ɗaga a rufe su a kuma tare haske. Wanda yake da ƙaramin ma'aunin zafi zai iya gwada ciki da waje ya san sa'ar da ta dace, domin a manyan birane, inda kwalta da kankare suke riƙe zafi, waje ba ya hucewa sai dare ya yi nisa. Tare rana daga waje ya fi tare ta daga ciki nesa ba kusa ba, saboda hasken da ya riga ya ratsa gilashi ya zama zafin cikin ɗaki, labule kuwa rage shi kawai yake yi. Shi ya sa gidajen kudancin Faransa da Sifaniya da Italiya suke da murfin taga na katako ko na ƙarfe daga waje, kuma mutanen can sukan wuni a ɗaki mai duhu ba tare da damuwa ba. Wanda ba shi da irin wannan murfi yana iya rataya farin zane ko kwali ta wajen tagar da rana ta fi duka. Akwai sharaɗi ɗaya da ba za a yi sakaci da shi ba: idan ɗakin ƙarami ne a ƙarƙashin rufin kwano, har cikinsa ya fi waje zafi, to rufe shi haɗari ne, abin da ya dace shi ne a buɗe ko a bar shi gaba ɗaya.

Gida kuma yana haifar da nasa zafin. Murhu da dutsen guga da kwamfuta da tsofaffin ƙwayayen lantarki duk suna ƙara ɗumi, don haka a mayar da girki zuwa sanyin safiya, a kashe duk abin da ba a bukata. Zafi sama yake tashi, saboda haka kwanciya a ƙasa, ko a hawan bene na ƙasa, ko a ɗakin da ba ya kallon yamma, tana iya zama bambanci tsakanin samun barci da kwana a zaune.

Fanka tana da amfani, amma ba ta sanyaya iska, motsa ta kawai take yi domin gumi ya bushe da sauri. Fatar mutum tana wajen digiri 35, kuma idan iskar ɗaki ta haye haka, fanka iskar da ta fi jiki zafi take hura wa mutum. Hukumomin lafiya sun ɗan bambanta kan iyakar, wasu suna cewa 35, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a shawararta ta baya-bayan nan ta ce kada a yi amfani da ita idan zafin ya kai 40, amma duk sun yarda cewa tsoho wanda jikinsa ba ya fitar da gumi sosai shi ne ya fi cutuwa da busasshiyar iska mai zafi. Maganin wannan ruwa ne. A jiƙa fata, ko a sa riga mai ɗan danshi, ko a ɗora jiƙaƙƙen tawul a wuya da kafaɗa sannan a zauna gaban fanka, sai ruwan ya yi aikin da gumi ya kasa yi. Tsoma ƙafafu ko hannuwa har gwiwa cikin ruwan sanyi da watsa ruwa sau da yawa a wuni suna rage zafin jiki ƙwarai. Ina ganin wannan ita ce dabarar da ta fi kowace araha kuma ta fi kowace tasiri, domin sanyaya ɗaki gaba ɗaya babu na'ura abu ne mai wuya, amma sanyaya jikin mutum ɗaya ruwa kaɗan yake bukata. Sai dai shanya jiƙaƙƙun zannuwa a rufaffen ɗaki yana taimakawa ne kawai inda iska take a bushe. Inda akwai laima ƙara nauyin iskar yake yi.

A riƙa shan ruwa a kai a kai tun kafin ƙishirwa ta kama, a kuma duba launin fitsari, domin idan ya yi duhu ko ya ragu alama ce jiki ya fara bushewa. Tsofaffi ba sa jin ƙishirwa kamar matasa, sai an riƙa miƙa musu. Masu ciwon zuciya ko ƙoda ko suga, da masu shan maganin hawan jini, musamman irin wanda yake sa yawan fitsari, su nemi shawarar likita kan yawan ruwan da ya dace da su, kada kuma su daina shan magani da kansu. Jariri a keken turawa ba a lulluɓe shi da busasshen zane da sunan inuwa, domin hakan tara zafi yake yi a ciki, kuma ba a barin yaro a cikin mota a ajiye ko na ɗan lokaci ne.

Idan gida ya gagara, a fita daga cikinsa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mutum ya samu awa biyu zuwa uku a kowace rana a wuri mai sanyi, ko ɗakin karatu ne, ko babban kanti, ko wurin ibada mai kaurin bango, ko inuwar manyan bishiyoyi, domin wannan ɗan hutun yana bai wa jiki damar farfaɗowa.

Abin da ya fi taɓa zuciyata a duk wannan shi ne su wane ne suke mutuwa. A birnin Chicago na Amurka a watan Yulin 1995 fiye da mutum 700 suka rasu cikin 'yan kwanaki, da yawansu tsofaffi ne matalauta masu zaman kaɗaici, wasu ma sun ƙi buɗe taga saboda tsoron ɓarayi. A lardin British Columbia na Kanada a 2021, lokacin da garin Lytton ya kai digiri 49.6, hukuma ta tabbatar da mutuwar mutum 619, kusan dukkansu a cikin ɗaki suka rasu, fiye da rabinsu kuma su kaɗai suke zaune. A Paris a 2003 akwai gawarwakin da aka yi makonni babu wanda ya zo nema. Zafi yana fara taɓa hankali ne, sai wanda ya fi bukatar taimako ya zama shi ne ba ya iya gane cewa yana cikin haɗari, balle ya ɗaga waya. Wannan ya sa a 2004 Faransa ta kafa shirin ƙasa na tunkarar zafi, inda hukumar hasashen yanayi take ba da gargaɗi da launuka daga kore zuwa ja, ofisoshin magadan gari suke ajiye sunayen tsofaffi da naƙasassun da suka nemi a riƙa kiransu, gidajen kula da tsofaffi kuma aka wajabta musu tanadin ɗaki mai sanyi. Birnin Ahmedabad na Indiya ya bi irin wannan hanya a 2013 bayan zafin 2010 da ya kashe fiye da mutum dubu, har ya ƙara da shafa wa rufin gidaje farin fenti domin ya mayar da hasken rana. Na'urar sanyaya ɗaki tana ceton rai, kuma ba na cikin masu kushe ta, musamman a asibitoci da wajen tsofaffi, amma tana bukatar kuɗi da tsayayyar wutar lantarki, tana kuma fitar da zafin ne zuwa titi, saboda haka mafi yawan mutanen duniya za su ci gaba da dogara da inuwa da ruwa da kulawar maƙwabta.

Ya kamata kowa ya san alamun haɗari. Jiri da ciwon kai da tashin zuciya da kasala da ɗaurewar tsoka suna nuna cewa zafi ya galabaitar da mutum, kuma a wannan matakin inuwa da ruwa da hutu sukan wadatar. Amma idan ya fara ruɗewa, ko maganarsa ta daina fita daidai, ko ya suma, jikinsa kuma ya yi zafi ƙwarai, to rai yana cikin haɗari. A kira motar asibiti nan take, lambar gaggawa a ƙasashen Tarayyar Turai ita ce 112, kuma kafin ta iso a kwantar da shi a inuwa, a rage masa tufafi, a yi ta zuba masa ruwan sanyi ana yi masa fifita, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi. Ba a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki, kuma maganin zazzaɓi ba ya saukar da irin wannan zafi.

Roƙona gare ku shi ne, idan kuna da ɗa ko ƙanwa da ke karatu a nan, ko dattijon da ya zo jinya, kuka kuma ji an yi gargaɗin zafi a ƙasar da yake, ku kira shi da rana ku sake kira da dare. Kada ku tsaya a kan “lafiya lau” da zai amsa muku. Ku tambaye shi a hawa na nawa yake kwana, ko rana tana dukan tagarsa, yaushe rabonsa da shan ruwa, ko ya samu barci jiya, da kuma ko akwai maƙwabcin da zai ƙwanƙwasa masa ƙofa idan an ji shi shiru. Idan kuka ji maganarsa tana sarƙewa, ku nemi wanda yake kusa da shi ya je ya duba shi a wannan sa'ar.

Wassalamu alaikum.

Ɗan'uwanku mazaunin Faransa