Rainon cikin ƙaramar goɗiya: yadda muke aikin a bargarmu ta Sakkwato

Sana'armu kiwon dawaki ce, kuma duk cikin ayyukan barga babu mai hana barci irin rainon cikin ƙaramar goɗiya. Ba ƙuru nake nufi ba. Waɗannan dawaki ne da aka yi ta zaɓen irinsu a ƙasashen waje har suka zama tsayinsu, daga ƙasa zuwa inda geza ta ƙare, bai wuce inci 34 ba, wato santimita 86. Wannan shi ne ma'aunin ƙungiyar masu kiwonsu ta Amurka da aka kafa a 1978, wata ƙungiyar kuma takan karɓi har mai inci 38. Akwai kuma irin Falabella na ƙasar Ajantina. A nan masu gidan gona ne ke ajiye su, da waɗanda suka saya don yara, kuma idan ciki ya tsufa sai su kawo mana mu riƙe har a sauka.

Wanda ya saba da dawakin hawan Sallah da na folo yakan ɗauka duk abu ɗaya ne, girma kawai aka rage. A wajen haihuwa ba haka ba ne. Babbar goɗiya sau da yawa sai dai a wayi gari a tarar da duƙushi tsaye yana shan nono. Ita ƙarama ƙugunta matsattse ne, goshin ɗanta kuma mai tudu, don haka naƙuda ta fi yi mata gardama, sannan ɗan yakan kasa yage rigar da ya fito a cikinta, ya shaƙe a ƙasa uwar tana kallo. Daga fashewar faya zuwa fitowar duƙushi minti 20 ne zuwa 30. Duk wahalar da muke sha ta wata goma sha ɗaya, don a san daren ne, mutum ya kasance tsaye a wurin.

Aikin yana farawa tun ranar baye. Muna rubuta ranar a littafin barga, domin ba ta da amfani a ce "wajen tsakiyar hunturu ne". Babbar goɗiya takan yi kusan kwana 340 da ciki. Ƙarama ta fi saurin sauka, yawanci tsakanin 320 da 330, wasu ma ba sa kaiwa, shi ya sa muke fara gadi daga kwana na 300. Ingarman da za a kai mata kada ya fi ta girma da ƙashi sosai, kuma duk wanda aka san ya taɓa haifar wada mai ƙaton kai da karkatattun ƙafafu, ba ma yarda da shi. Lokaci ma muna duba shi. Baye a Disamba ko Janairu yana kawo haihuwa wajen Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke, ƙwari sun ragu. Wanda ya yi baye a Mayu, ɗansa zai faɗo a tsakiyar zafin Maris ko Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a garin nan, kuma jaririn duƙushi ba ya jure wannan.

Kwana 14 zuwa 16 bayan baye likitan dabbobi yakan yi hoton ciki, don a tabbatar ya shiga, a kuma ga ko tagwaye ne. Tagwaye ba abin murna ba ne a wajen doki, yawanci ɓari suke ƙarewa da shi. Saboda ƙanƙantar jikinta, ba kowane hannu ke iya wannan dubawar ta dubura ba, wani lokaci sai ciki ya ɗan girma a duba ta fatar ciki. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwa a nan Sakkwato, saboda haka ba mu da hujjar yin aiki da ka.

Abinci shi ne inda masu dawakin suka fi kuskure, kuma kuskuren na ƙauna ne. Suna ganin ta ƙarama mai ciki, sai a yi ta tura mata gero da dusa har ta zama kamar randa. Ƙiba tana ƙara mata wahalar naƙuda. Mu sikelin buhu muke ɗora ta a kai, domin ido yana ƙara mata nauyin da ba ta da shi. Mai kilo 100 tana bukatar busasshiyar ciyawa da harawa kilo ɗaya da rabi zuwa biyu a wuni, a raba sau uku ko huɗu. Wata takwas na farko wannan ya isa. A wata uku na ƙarshe ne ɗan ke yin mafi yawan girmansa, sai mu ƙara harawar wake ko ta gyada, da ɗan hatsi cikin tafin hannu. Dusa kuwa muna taƙaita ta ƙwarai: sinadarin fosfaras ya yi mata yawa, kalsiyam ya yi kaɗan, idan ta zama ita ce abincin kullum sai jiki ya riƙa zarar kalsiyam daga ƙashi, fuska ta kumbura, ƙashi ya yi laushi. Harawa ce ke cike wannan giɓin. Ɗanyen karan dawa ba ya shiga bargar mai ciki, domin yana iya taɓa mafitsara da jijiyoyin baya, ya kuma sa a haifi ɗa mai sandararrun gaɓoɓi. Harawar da ruwa ya daka ta yi funfuna, zubarwa ake yi. Gishiri da ruwa mai tsabta suna gabanta dare da rana.

Abin da na fi so kowane mai ƙaramar goɗiya ya riƙe shi ne wannan: idan ta ƙi cin abinci, ko da wuni ɗaya ne, a kira likita. Waɗannan dawakin, kamar jakuna, da zarar sun daina ci a ƙarshen ciki ko farkon shayarwa, kitsen jikinsu yakan narke ya kwarara cikin jini, hanta ta kasa ɗauka. Idan aka ɗebi jinin aka bar shi ya kwanta, za a ga ruwan samansa ya yi fari kamar madara. Ciwon yana kisa, kuma mai ƙiba ya fi kamawa. Za ka gan ta ta sunkuyar da kai, ta tsoma baki a bokiti ba ta sha. Don haka ba a rage wa mai ciki abinci farat ɗaya don a ce ta yi ƙiba, ba a kuma yi mata doguwar tafiya a mota gab da haihuwa.

Magani duk da nauyi ake ba ta. Maganin tsutsar ciki na ivermectin miligiram 0.2 ne a kowane kilo, kuma bututu ɗaya an yi shi ne don dokin da ya ninka ta sau biyar ko shida. Moxidectin ba ma amfani da shi, domin ɗan ƙari kaɗan ya isa ya kayar da ita. Haka phenylbutazone, maganin raɗaɗi da kumburi da 'yan barga suka saba ba dawaki, yana ci mata hanji da ƙoda idan aka wuce kima. Rigakafin tetanus ana maimaita shi saura mako huɗu zuwa shida, don kariyar ta sauka cikin dakashi, wato nonon farko. Na ciwon dawakin Afirka, wanda ƙananan ƙwari masu cizo da magariba ke yaɗawa, a gama da shi kafin baye. Kaska kuma a bi ta kullum a ƙarƙashin wutsiya, da cikin kunne, da tsakanin cinyoyi.

Saura wata ɗaya ko mako shida sai mu mayar da ita ɗakin haihuwa, don jikinta ya saba da ƙwayoyin cutar wurin. Mita uku a tsaye, uku a kwance ya wadatar. Abu na farko, a kwance ta daga turke. Goɗiya ba ta haihuwa da igiya a ƙafa, tana bukatar ta kwanta, ta tashi, ta juya, da haka ɗan ke daidaita a hanya. Yashin da muka saba zubawa yana manne wa jiƙaƙƙen duƙushi a hanci da cibiya, sai mu shimfiɗa busasshen bambaron shinkafa mai kauri a kansa. A toshe ƙarƙashin ƙofa, domin jaririn bai fi kilo 7 zuwa 12 ba, ramin da akuya za ta bi shi ma zai bi, kare ma zai shigo. Bokitin ruwa a rataye shi sama kada ya faɗa ciki. A bakin ƙofa akwai akwati: tocila mai caji, tawul uku, almakashi, safar hannu doguwa, man santsi na likita, sabulu, bandejin naɗe wutsiya, ma'aunin zafi, sirinji, maganin kashe ƙwayoyin cuta na chlorhexidine, da lambar likita a rubuce a jikin murfi.

Daga nan safe da yamma ana duba hantsa. Takan fara cika saura mako biyu zuwa shida. Da farko da safe ta cika, da yamma ta saki bayan an zagaya da ita. Ranar da ta ƙi saki har dare, kan nonon ya cika ya miƙe, an kusa. Naman kuturi a gefen gindin wutsiya yakan yi laushi kamar kunu, wutsiyar ta daina turjewa idan an ɗaga, gabanta ya saki ya yi tsawo. Ɗan daskararren dakashi da ke fitowa a kan nono kamar kakin zuma alama ce ta kwana ɗaya ko biyu, amma ƙananan da yawa ba sa yin sa, kada a jira shi. Abin da ya fi ba mu gaskiya shi ne ruwan nonon. Ana tatsar ɗigo biyu ko uku a tafin hannu: yakan tashi daga ruwa-ruwa zuwa rawaya mai danƙo, sannan fari. Muna ɗiga shi a takardar gwajin tsami, irin wadda ake gwada ruwa da ita. Muddin tana nuna sama da 7, da saura. Idan ta sauko 6.4 ko ƙasa, haihuwa tana cikin kwana uku, sau da yawa a daren. Idan kuwa hantsa ta cika tun ciki bai kai kwana 290 ba, ko nono yana zuba, ko wani ruwa na fita ta gabanta, wannan ba shirin haihuwa ba ne, mai yiwuwa mabiyiya ce ta kamu da cuta, aikin likita ne a ranar.

Yawancinsu da dare suke haihuwa, kuma goɗiya tana iya riƙe naƙuda idan ana yawan shiga da fita. Muna da kyamara mai aiki da hasken rana a kusurwar ɗakin, mai gadi yana kallo ta waya daga waje. Mutum biyu ne ke karɓa-karɓa, kuma dole ɗaya ya kasance mai siririn hannu da yankakken farce, domin hannun ƙato ba ya shiga ƙugun ƙaramar goɗiya.

Naƙudar farko takan ɗauki awa ɗaya zuwa huɗu: zagaye, gumi a wuya, waiwayen ciki, kashi kaɗan-kaɗan. Da faya ta fashe sai a duba agogo. Cikin minti biyar zuwa goma ya kamata a ga farar riga mai sheƙi, a cikinta kofato biyu, tafinsu yana kallon ƙasa, ɗaya ya ɗan riga ɗaya, hanci yana kwance a kansu. Idan abin da ya leƙo ja ne jawur mai kauri kamar karammiski, mabiyiya ce ta rabu da mahaifa tun ɗan bai fito ba, numfashinsa ya yanke ke nan. Ba a jiran kowa. A yage ta da yatsa ko almakashi, a yage farar da ke ciki, a kamo ƙafafu a fito da shi. Idan ƙafa ɗaya ce ta fito, ko kai babu ƙafa, ko tafin kofato na kallon sama, ko minti goma sun wuce tana yunƙuri babu ci gaba, a kira likita, a tashe ta tsaye a riƙa zagayawa da ita don yunƙurin ya lafa. Wani lokacin gwiwar hannun ɗan ce ta maƙale a bakin ƙugu, idan aka ja ƙafa ɗaya sannan ɗayar sai ya zame. Ja kuma da hannu ne kawai, tare da yunƙurinta, ana karkatawa ƙasa wajen dugaduganta. Igiya da ƙarfin maza biyu yaga ta za su yi.

Da kai da ƙirji sun fito, a cire rigar daga hancinsa, a share majina, a goge shi da tawul da ɗan ƙarfi har ya ja numfashi. Cibiya a bar ta ta tsinke da kanta idan uwar ta tashi, sannan a tsoma guntun a chlorhexidine da aka sirka, kashi ɗaya na mai ƙarfin kashi biyu cikin ɗari da kashi uku na ruwa, sau biyu ko uku a wuni na kwanakin farko. Aidin mai ƙarfi yana ƙona fatar. Toka da kashin shanu kuwa hanyar tetanus ce.

Cikin awa ɗaya ya tashi tsaye, cikin biyu ya kama nono, cikin uku mabiyiya ta faɗo. Dakashi shi ne duk kariyar da zai samu, hanjinsa ya fi karɓarsa a awa shida zuwa takwas na farko, bayan awa 24 kuma ƙofar ta rufe. Idan bai sha ba, a tatsa a ba shi kaɗan-kaɗan yana tsaye ko yana kwance a kan ƙirjinsa, kuma sai in yana tsotsa da kansa, ɗura tana kai nono huhu. Mabiyiya idan tana reto a ƙulle ta sama kada uwar ta taka, ba a jan ta. Da ta faɗo a shimfiɗa ta a ƙasa a ga ƙahonninta biyu sun cika har ƙarshe. Guntun da ya rage a ciki yana kawo zazzaɓi da kumburin cikin kofato, don haka in awa uku ta wuce, likita.

Washegari muna duba ko ya yi baƙin kashinsa na farko da fitsari, zafin jikinsa yana tsakanin digiri 37.2 da 38.9, likita kuma ya auna jininsa ya ga ko dakashin ya wadatar. Idan hunturu ne a rufe taga ta gabas, a sa masa 'yar riga da dare. Uwar kuma ido yana kanta: tana cin abinci, ba ta rawar jiki ko taurin ƙafafu, wanda ke nuna kalsiyam ya yi ƙasa saboda shayarwa. Mukan riƙe su mako biyu kafin mai su ya zo ɗauka. Takan nemi ingarma tun kwana 7 zuwa 12 bayan haihuwa, amma wadda ta sha wuya ko aka sa mata hannu, ba ma yarda a yi mata baye a wannan zagayen, sai likita ya duba mahaifar ya ce ta koma daidai.