Matashin ƙyalle tara

Wata na huɗu kenan ina zuwa koyon ɗinki a Tudun Wada ranar da Antinmu ta jawo buhun ƙyalle daga ƙarƙashin teburin yanka ta zazzage min shi a gabana tace in ɗinko mata matashi. Gaskiya raina bai so ba. Waɗanda muka shiga tare har an fara basu siket ɗin yara suna haɗawa, ni kuma kullum daga guga sai kalmasa sai saka maɓalli, yanzun kuma wai matashi. Na dai yi shiru don ba a musu da mai koya maka sana'a, amma a raina nace ai wannan aikin yini ɗaya ne. Kwana tara ya ɗauke ni, sau uku ina warwarewa.

Abin da tace min a taƙaice ne. Yanki tara masu kusurwa huɗu, uku a jere sau uku, kowanne inci 6 da rabi ta kowane ɓangare, in an haɗa an gama fuskar matashin ta tsaya a inci 18. Shikenan ta koma kan kekenta.

Buhun nan ragowar ɗinkin Sallah ne, atamfa, shadda, leshi, yadi, har da wani material mai santsi da ake yi wa amare. Duk wanda ya taɓa ratsa layin teloli a Kasuwar Barci da yamma ya san irinsa, sharewa ake a zubar. Ni kuwa kala kawai na bi, na zaɓo waɗanda suka fi ɗaukar ido. Anti ta ɗago ta kalla tace "ke, wannan haɗin gambiza ne, ajiye leshin da mai santsin nan, atamfa ta bi atamfa." Sai daga baya na gane dalili, in ka haɗa mai kauri da mara kauri ɗaya yana jan ɗaya a ƙarƙashin allura, ranar wanki kuma kowa da yadda yake tsukewa. Ta sa na jiƙa su duka a bokiti kafin almakashi ya taɓa su. Wani ja da na fi so a cikinsu ya mayar da ruwan kamar zoɓo, da na ɗinka shi kusa da fari da wankin farko ya gama da matashin.

Yanka na farko da tef da alli nayi, kamar yadda nake gani ana yi wa riga. Toh allin tela kauri ne dashi, wani yankin na bi ta cikin layi wani na bi ta waje, a ido duk ɗaya suke amma da na ɗora su kan juna sai ga bakin wannan ya leƙo na wancan ya shige. A riga wannan ba komai bane, jiki zai ɓoye. A nan babu inda zai ɓuya. Kwalin indomi muka samu ta auna min da rula ta yanke shi daidai inci 6 da rabi, tace in dinga ɗora shi ina zagayewa da fensir mai tsini, kwali ɗaya tal ga dukka taran.

Inda na fi shan wuya shi ne bakin ɗinki, wato ɗan abin da ake bari tsakanin layin zare da bakin ƙyalle. Kwata na inci ne, layi biyu ƙanana a jikin tef. Rabin incin nan da aka ƙara kan shida nasa ne, kwata ta dama kwata ta hagu. Ni a lokacin ƙafata bata gama sabawa da keken Butterfly ɗin shagon ba, in na taka da ƙarfi sai ya kwasa da gudu hannuna ya kasa bi, sai ɗinkin ya ɗan shiga ciki da layi ɗaya kacal na tef, abin da ko kallo na biyu ba zaka yi masa ba. Amma ki lissafa. Layi ɗayan nan daga ƙyalle biyu yake ci, kenan ɗinki ɗaya ya cinye kwata na inci, a jere ɗaya kuma ɗinki biyu ne, rabin inci ya tafi. Da na zo haɗa jeren sama da na tsakiya sai naga ɗaya ya fi ɗaya tsawo, mahaɗar kusurwoyin da ya kamata su haɗu kamar alamar tarawa kowacce ta kama gabanta. Na ja gajeren da hannu don ya kamo dogon, na danna na ɗinke, ya fito a yamutse. Anti bata yi faɗa ba, reza kawai ta miƙo min. Wallahi ranar da hawaye na warware shi, zare ɗaya bayan ɗaya, don in kayi garaje rezar ƙyallen zata ci. Da na gama ta ɗauko salatif ta manna a jikin farantin keken, daidai kwata daga allura, tace "daina kallon allura, ita ta san aikinta, bakin ƙyallen zaki kalla ya bi salatif ɗin nan." Har yau da wannan maganar nake ɗinki.

Na biyun kuma wani abu ne daban. Awo daidai, ɗinki daidai, amma yanki biyu sun miƙe sun zama kamar an murɗe su. Na tafi da su gida ina ta juyawa a tsakar gida bayan magariba, Baba yana kan tabarma yace "Uwata, miƙo in gani." Baba ya yi shekaru yana aiki a masaƙa a Kakuri tun ana kiran Kaduna garin masaƙu, ko yanzu in an zauna sai ya bada labarin masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, da yadda titi ke cika da kekuna in an tashi aiki, har zuwa rufe ta a 2002. Ya ja ƙyallen ta tsaye, bai motsa ba. Ya ja ta kwance, ya ɗan bada kai kaɗan. Ya kama kusurwa da kusurwa ya ja, sai gashi yana miƙewa kamar roba. Yace kowane yadi zare biyu ne, na tsaye da aka ɗaure tamau a jikin injin da na kwance da ke ratsa shi, in kika yanka a karkace kin bar bakin ba mai riƙe shi. Ashe ni don in tsira da wani fure mai kyau na karkata kwalin. Tun daga ranar sai na nemo bakin zanen ko na bi zare da ido kafin in ɗora kwali.

Guga ma ashe rabin aikin ne. Kowane ɗinki sai an kwantar da bayansa kafin a yi na gaba, jeren sama ya kwanta dama, na tsakiya hagu, na ƙasa dama, ta haka in an zo haɗawa sai su sarƙe da juna kana jinsu da yatsa sun zauna. Kuma dannawa ake a ɗaga, ba a goga shi gaba da baya. In babu wuta dutsen gawayi muke hurawa, shi ma yana yi.

Sai aka zo haɗa hawa ukun. Fuskar a sama, siririn soso a tsakiya, farin yadi a ƙasa, na ƙasan biyu a barsu sun fi fuskar faɗi da kamar inci ɗaya ko biyu ta kowane gefe don ɗinki yana tattare su. Nan ne warwara ta uku ta same ni, na fara daga gefe ɗaya na nufi ɗayan, kafin in kai ƙarshe yadin ƙasa ya taru ya yi ninki. Daidai shi ne a fara kama su da ɗinkin hannu manya-manya na wucin gadi, sannan a fara daga tsakiya ana fita waje, ana shafe shi da tafin hannu, a kuma ɗan ƙara tsawon takun zaren. Layi miƙaƙƙe kawai nayi, daga kusurwa zuwa kusurwa. Lokacin da na ɗago shi naga kowane ɗan gida ya ɗan kumburo tsakanin layukan, na daɗe ina shafa shi.

Bayan matashin bai bani wahala ba. Ba zif, yadi biyu ne, kowanne tsawonsa inci 18 da rabi faɗinsa inci 13, a kalmashe bakin kowanne a ɗora ɗaya kan ɗaya, ta nan ake cusa filon a kuma cire in za a wanke. A datse kusurwoyi kafin a juya. Na so in saka fiba irin ta kasuwa, Mama tace ina, tana da ragowar audugar rimi a wani tsohon matashin kakarmu, muka farke muka shanya ta a rana muka tsince 'ya'yan, na ɗinka mata rigar ciki da farin yadi.

Da na kai shago Anti bata kalli fuskar ba tukun, juya rigar tayi ciki waje tana bin bakin ɗinkin da farce. Da ta juyo fuskar ta tsaya a mahaɗa ɗaya ta ƙasa da ta ɗan goce, ta nuna min, sannan tace in kai wa Baba shi. Yana nan kan tabarmarsa yanzun, shi yake jingina da shi in yana sauraron rediyo. Ni kuma ta bani wani kwalin, wannan karon inci 3 da rabi, yanki 36, na yanka 20 jiya saura 16.