Fuskoki biyu a kan zinarin Kustantin

Yau da la'asar wani abokina da ke karatu a Turai ya turo mini hoton wani tsabar zinari na Rumawa, wanda aka buga a birnin Tisinum na arewacin Italiya a shekarar 313 miladiyya, kuma na daɗe ina faɗaɗa hoton a waya ina duba shi. A gaba akwai fuskar Kustantin, sarkin Rumawa, sanye da sulke, yana riƙe da mashi da garkuwa, a bayansa kuma wata fuskar ce ta leƙo, mai kama da tasa ƙwarai, sai dai kanta na ɗauke da kambi mai tsinin hasken rana. Wannan shi ne Sol, abin bautar rana na Rumawa, wanda aka jera shi kafaɗa da kafaɗa da sarki a matsayin abokin tafiyarsa.

Abin da ya taɓa ni shi ne shekarar, domin a 312 ne Kustantin ya ci yaƙin gadar Milbiya da ke kusa da birnin Rum, nasarar da marubutan Kirista suka danganta da alamar Almasihu, amma ga shi bayan shekara guda maƙeran gidan buga kuɗinsa suna sassaƙa Sol a kan zinari, kuma hoton Sol bai ɓace daga kuɗin ba sai wajen 325. Ina ganin sarkin ya san cewa yawancin sojoji da manyan da ake rabawa irin wannan zinari ba su bar addinin kakanninsu ba tukuna, shi ya sa bai yi gaggawar cire abin da suka saba gani ba.