Inda Na Kai da Tsohuwar T420: Mako na Biyar

'Yan uwa masu koyo, yau mako biyar ke nan da na ɗora wannan tsohuwar kwamfutar cinya a kan tebur, kuma sai jiya na iya cewa ta dawo aiki sosai. ThinkPad T420 ce, ƙirar 2011, mai furosesa (ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfuta) Core i5-2520M da RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kan yi) giga 4. Wanda ya ba ni ita ya ce ta mutu, ya ajiye ta ne kawai kafin ya samu inda zai jefar. Da na jona ta da wuta ta tashi, sai dai tana ɗaukar lokaci mai tsawo kafin ta buɗe, fanka tana kuka, kuma bayan kamar minti ashirin ta kashe kanta.

Na yi kuskure tun a makon farko, kuma ina so ku ji shi don kada ku maimaita. Ganin tana jan ƙafa, sai na yanke cewa RAM ce ta yi mata kaɗan, na nemo wata na ƙara. Babu abin da ya canza, ta ci gaba da mutuwa a daidai lokacin da ta saba. Gano cuta shi ne rabin magani, ni kuwa na tsallake wannan matakin. Da na tsaya na duba zafin furosesa da wata 'yar manhaja mai suna lm-sensors, sai na ga ya haura digiri 90 alhali ba wani aiki mai nauyi take yi ba. Iyakar wannan furosesa digiri 100 ne, idan ta kusa kai wa nan dole ta rage gudu ko ta kashe kanta don kada ta ƙone. Ashe zafi ne ya dame ta.

Mako na biyu gaba ɗaya a kan fanka ya ƙare. A wannan ƙirar sai an cire batir, an ɗaga allon madannai, an cire murfin da ke kewaye da shi, sannan a kai ga fanka da bututun jan ƙarfe mai ɗauke zafi daga furosesa. Shawarata ita ce ku ɗauki hoto da waya kafin ku kwance kowane noti, ku kuma jera notunan a kan farar takarda kuna rubuta inda kowanne ya fito, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogon noti a gajeren rami yana iya huda bod, wato babban allon lantarkin da komai ke jone a kai. Wayoyin nan masu faɗi kamar kirtani da ke haɗa madannai da bod, a bi su a hankali, ba sa son fizga.

Abin da na tarar tsakanin fanka da ƙarafan fitar da iska ya ba ni tausayi. Ƙura ce ta dunƙule ta zama kamar tsumma, ta toshe hanya ruf. Shekara da shekaru wannan na'ura tana numfashi ta wannan toshewar. Na zare ƙurar da ɗan buroshi, na riƙe fukafukan fankar da yatsa yayin da nake hura iska don kada ta yi juyin da zai lalata ta. Man da ke tsakanin furosesa da jan ƙarfen, wanda ke taimaka wa zafi ya wuce, kuwa ya bushe ya farfashe. Na goge shi da auduga da sifirit na isopropyl har wurin ya yi ƙyalli, na ɗiga sabo ɗan kaɗan a tsakiya, na mayar da notuna bisa lambobin da ke rubuce a jikin ƙarfen. Da na kunna, zafin ya sauka ƙasa da digiri 60 a aikin yau da kullum, kukan fanka ya lafa. Na daɗe zaune ina saurarenta.

Sannan na koma kan matsalar jan ƙafar. Na duba lafiyar faifan ajiya da wata manhaja mai suna smartctl, ta nuna akwai sassan da suka lalace har faifan ya sauya musu gurbi. Faifan da ya fara haka ba a ba shi amanar komai. Kafin na cire shi na kwafe wa mai ita hotuna da takardunsa na miƙa masa, sannan na goge faifan gaba ɗaya. Wannan amana ce, 'yan uwa. Duk tsohuwar kwamfutar da ta zo hannunku tana ɗauke da sirrin wani, kuma share fayil kawai ba ya kawar da shi daga faifai.

Na saka SSD, wato faifan ajiya na zamani mai sauri wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa, mai inci 2.5 a gurbinsa. Tsohon faifan kaurinsa milimita 9.5 ne, sabon kuma milimita 7, don haka sai da na ɗan cike ratar don kada ya riƙa motsi. A duk abin da na yi wa kwamfutar nan, babu wanda ya sauya ta kamar wannan. RAM kuwa, ramuka biyu gare ta, ɗaya a ƙarƙashin madannai, ɗaya ta ƙasa, nau'in DDR3, yanzu tana da giga 8. Na bar manhajar gwajin RAM mai suna Memtest86+ ta kwana tana gwada ta, ba ta sami kuskure ba. Ƙaramin batirin da ke riƙe agogo, CR2032, shi ma na canza shi, don duk lokacin da aka cire wuta kwanan wata yana komawa baya.

Maganar manhajar da za ta tafiyar da ita ta ɗauke ni kwana uku ina tunani. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma yana buƙatar TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro na kwamfuta) da furosesa sabo fiye da wannan nesa ba kusa ba. Na zaɓi Linux Mint, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, mai fuskar Xfce saboda ba ta da nauyi. Na zuba ta a filashi, na gwada ta daga filashin tukuna ba tare da na girka ba, don in tabbatar sauti da intanet da kyamara duk suna aiki. Wanda tasa kwamfutar ta fi wannan tsufa, mai furosesa 32-bit, ya sani Mint ta bar irin wannan tun daga fitowa ta 20, sai ya duba wani nau'in Linux mai suna antiX.

Wani abokina ya tambaye ni ko wahalar ta cancanta. Na tuna masa da rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024, wanda ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata. A cikin wannan tulin akwai dalma da sauran guba, akwai kuma kwamfutoci irin wannan waɗanda ƙura da tsohon faifai kawai suka kayar. Da ita nake rubuta muku wannan bayanin yanzu.

Ba ta gama ba tukuna. Batirinta ba ya wuce minti goma, kuma ba zan buɗe shi da kaina ba, batirin lithium ba abin wasa ba ne, musamman idan ya kumbura. Na ware shi gefe sai na kai inda ake karɓar irinsa. A mako mai zuwa ina so in cire na'urar DVD in saka akwatin faifai na biyu a gurbinta, in kuma gwada katin ExpressCard da zai ba ta USB 3.0, tunda ba ta zo da shi ba. Idan akwai wanda ya taɓa gwada irin wannan katin a kan Linux, ina son jin yadda ya kaya kafin in nemo nawa.