Na koyi Manchesta ta hanyar asibiti

Watanmu bakwai da sauka Ingila, ko hanyar kasuwa ban gama ganewa ba, na ji ƙullutu a mamana na hagu. Kafin mako biyu an ɗebi tsoka da allura, aka ce sankara ce.

Da likitar ta ce ba yanzu za a yi tiyata ba, sai an yi kusan wata shida ana kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, gabana ya faɗi. A Zariya abin da na sani shi ne a yi maza a cire. Da na faɗa wa Umma a waya sai ta yi shiru, can ta ce, "Ko dai sun ga abin ya fi ƙarfinsu ne?"

Ashe da gangan ake barin ƙullutun, don shi ne ma'aunin maganin. Tun daga tsokar nan suke fara hasashe. Suna duba alamomi uku a jikin ƙwayoyin sankarar: ER da PR, masu nuna tana bin sinadarin mata, da kuma furotin ɗin HER2. Tawa ba ta da ko ɗaya. Irin wannan ta fi yawa a cikin matan da asalinsu Afirka ta Yamma ne. Saurin yaɗuwa gare ta, amma sau da yawa ta fi mai bin sinadarin mata jin kemo, saboda ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa su maganin ya fi kamawa. Likitar ba ta yi mini alkawari ba, kuma na ji daɗin hakan. Suka dasa ɗan ƙarfe da bai kai ƙwayar shinkafa ba a tsakiyar ƙullutun, don ko ya narke a san inda za a yanka.

Bas mai lamba 42 da ke bin titin Wilmslow zuwa asibitin Christie ita ta koya mini garin. Ta tagarta na gano shagunan naman halal na unguwar Rusholme. A gida da ɗakin ya cika da 'yan dubiya da kwanukan kunu. Nan maigidana yana aikin dare, ni kaɗai nake zama, sai wata dattijuwa 'yar Somaliya da muke haɗuwa ran Talata, ba ma jin yaren juna amma tana riƙe mini hannu lokacin sa allura.

A tsakiyar magani aka yi hoton MRI: daga santimita 4 ya koma 1. Amma hoto ba ya yanke hukunci, sai an duba abin da aka cire bayan tiyata. An samu ɗan saura, don haka aka ɗora ni a kan ƙwayar capecitabine, kemo na sha, wadda ba a bai wa wadda ƙullutunta ya narke gaba ɗaya.

Jiya na sha ta ƙarshe. Umma ta ce in aiko mata da hoton kwalin.