Ƙwai ɗaya me zai rage?

Satin da ya wuce na hau kujera na kwance ƙwan fitila na ƙarshe irin na da ɗin nan mai zafi da ya rage a gidanmu, na zaure, wat 60, na ɗaura sabon ƙwan nan marar cin wuta, LED mai wat 9, kuma wallahi haskensa ma ya fi. Baba yana kan tabarma yana kallona yace ke dai kin cika son kashe kuɗi, ƙwai ɗaya me zai rage?

Shine nake bashi labarin Ghana a 2007, shekarar da ruwan madatsar Akosombo da ke basu wutar lantarki ya ja baya sosai har aka koma raba wuta unguwa-unguwa, yau ku gobe wasu. Gwamnatin shugabansu na lokacin, Kufuor, ta sayo ƙwayaye miliyan 6 masu murɗaɗɗen gilashi ɗin nan marasa cin wuta ta raba kyauta, a karɓi tsohon a baka sabo, kuma wutar da ƙasar ke ja da magariba, lokacin da kowa ke kunna fitila, ta ragu da megawat 124. Nace Baba kun ga kamar an gina tashar wuta guda kenan ba a aza bulo ko ɗaya ba. A 2008 ma doka sukai suka hana shigo da tsohon ƙwan gaba ɗaya, dama shi kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi yake zama, ɗan ragowar ne haske.

To mu fa a Najeriya da muka haura mutum miliyan 200 muna ta wawason megawat 4000 zuwa 5000? Abinda ke cina a rai shine ƙwayayen da nake gani a kunne tsakar rana a ƙofar shaguna da gidaje a layinmu, kuma ban cika ganin laifinsu ba, mutumin da bashi da mita ko ya kashe ko ya bari bil ɗaya za a kawo masa ƙarshen wata, ta ina zaka ce ya sayi ƙwai mai tsada? Mu ma sai da aka saka mana mitar kati muka fara lissafi. Ga kuma jabu sun cika kasuwa, ka saya wata biyu ya fara ƙyaftawa.

Baba dai bai ce komai ba, amma jiya bayan asuba da kansa naga ya kashe na ƙofar gida.